Waya a Hannun Direban Jirgin Ƙasa

 

Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokina ya tare ni nan bakin Ƙofar Taramniya yana dariya, ya ce, "Kai wane, wace irin magana ce wannan? Basakkwace zai tara Sakkwatawa ya yi musu lacca a kan jirgin ƙasa? Yaushe ka taɓa jin jiniyarsa a garin nan?" Gaskiyarsa kuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929, daga nan dogo bai ƙara ko taku ɗaya ba zuwa wajenmu. Kakanninmu da suka so shiga jirgi zuwa Kano ko Ikko sai da suka fara yin tafiyar fiye da kilomita 200 kafin su ga tarago da idonsu, haka kuma gyaɗa da auduga da fatun ƙasar nan. An kai dogo Nguru a 1930, an kai shi Maiduguri a 1964, mu kuwa har yau alkawari muke ji.

Amsar da na ba abokin nan ita ce, yayin da muke tsaye muna maganar, na nuna masa wani ɗan kabu-kabu da ya wuce mu da fasinja biyu a baya, ya cusa waya tsakanin kunnensa da hula, yana ta ciniki da wani wanda ba ya gani. Na ce da shi jirgin ne bai iso ba, amma ɗabi'ar da za ta shiga kan jirgin ta riga shi isowa. Ran da aka buɗe tasha a Sakkwato, daga cikin samarin nan za a ɗauki direbobi da masu tuta da masu kula da sigina, daga cikinmu ɗalibai kuma za a ɗauki injiniyoyi da lauyoyin da za su rubuta musu doka. Abin da nake so in faɗa yau shi ne, dokar hana ma'aikacin jirgi amfani da waya a bakin aiki doka ce ta wajibi, amma ba za ta yi amfani ba, kuma ba za ta zama adalci ba, muddin direba kaɗai ta ɗaure ta ƙyale wanda ke kiransa.

Bari mu fara da shi kansa jirgin, domin wanda ya saba da mota kaɗai ba zai gane girman al'amarin ba. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da take gudu a kai shi ma ƙarfe ne. Santsin ƙarfe a kan ƙarfe shi ne ya sa kan jirgi guda ɗaya yake jan kayan da sai an tara manyan motoci masu yawa kafin su kwashe. To, amma santsin nan da ya sauƙaƙa ja, shi ne ya wahalar da tsayawa. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa, ko an danne birki gaba ɗaya, yakan ci kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cik. Daɗin daɗawa ba shi da sitiyari. Direban mota in ya farga a makare yana iya kaucewa ya faɗa gonar mutane, a yi asarar dawa a tsira da rai. Direban jirgi ba shi da inda zai kauce. Saboda haka ba da abin da ya hango a kan dogo yake tuƙi ba, don kusan duk abin da ya hango da ido ya riga ya makara a kansa. Da alamomi yake tuƙi, watau fitilar sigina, da allon da ke faɗin iyakar gudu, da umurnin mai kula da zirga-zirga. Alama kuwa sau ɗaya take wucewa. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 kowane sakan. Wanda ya sunkuyar da kai sakan 5 don ya karanta saƙo, ya yi tafiyar mita 140 a makance, abin da ya fi tsawon filin ƙwallo. In allon ya wuce a cikin wannan tazara, ya wuce ke nan.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗi ba. Aikin direban jirgi aiki ne mai gundura. Mutum yana zaune awa da awanni, dogo miƙe a gabansa, injin yana ta ƙugi iri ɗaya, ba mai shan gabansa, ba rami, ba akuya da za ta sa ya zabura. Cikin alamomi ɗari da zai wuce, casa'in da tara za su ce masa ya ci gaba. Wannan zaman shiru shi ke kai hannu aljihu. Ba sai mutum ya zama mugu ko sakarai ba.

Mutanen da suka shimfiɗa dogo tun farko sun san raunin ɗan Adam, shi ya sa ba su dogara da hankalinsa kaɗai ba. Wani dattijo abokin kakana, wanda ya yi aikin reluwe a Gusau yana saurayi, ya taɓa bayyana mini yadda ake tafiyar da jirgi a layi guda, inda mai zuwa da mai dawowa dogo ɗaya suke bi. Tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai wata alama ta ƙarfe, wani wuri sanda ce, wani wuri mabuɗi. Direba ba shi da ikon shiga wannan tsakanin sai alamar tana hannunsa, na'urar da ke ajiye da ita kuma ba ta sakin ta biyu sai an mai da ta farko. Ashe ke nan jiragen biyu ba za su haɗu ba, tun da alama ɗaya ce. Dattijon ya ce ko uban direba ne ya tsaya bakin tasha ya ce masa hanya a buɗe take, ba zai motsa ba sai ya ji ƙarfen a tafinsa. Na ambaci wannan don mu lura cewa tsohuwar doka ba ta ce wa direba "ka mai da hankali" ta tsaya nan ba. Ta ba shi abin da zai riƙe, ta kuma hana kowa, komai girmansa, ya ba shi izini da fatar baki.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya sosai a watan Agusta 2001, ƙasashen Turai da Amurka kuwa sun riga mu da 'yan shekaru, don haka su suka fara ɗanɗana kuɗarta. Ran Juma'a 12 ga Satumba 2008, da la'asar, wani jirgin fasinja na kamfanin Metrolink ya tashi daga tashar Chatsworth, a gefen birnin Los Anjeles na jihar Kalifoniya. Gaba kaɗan da tashar layi biyu suna komawa ɗaya, kuma an sa masa jar fitila don ya jira wani jirgin kaya na kamfanin Union Pacific ya fito tukuna. Bai tsaya ba. Suka yi taho-mu-gama a kan kwana, kowannensu yana gudun fiye da kilomita 60 a awa, har kan jirgin fasinjan ya kutsa cikin taragon da ke biye da shi. Mutum 25 suka rasu, da direban a ciki, fiye da 100 suka ji rauni. Da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta karɓo bayanan wayarsa, sai ta tarar ya wuni yana musayar saƙonni a bakin aiki, na ƙarshe kuwa ya aika da shi sakan 22 kafin karon. Wasu samari masu sha'awar jiragen ƙasa ne abokan hirar tasa. Bai taɓa birki ba sam.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin wannan rana kamfanin yana da dokar hana waya a rubuce. Takarda ce kawai, don direban shi kaɗai ne a kan jirgin, ba mai ganinsa. Cikin watan Oktoba 2008 hukumar jiragen ƙasa ta tarayyar Amurka ta fitar da umurnin gaggawa, sa'an nan a watan Satumba 2010 ta mai da shi cikakkiyar doka wadda ta fara aiki a Maris 2011. Na ga ya kamata in ɗan tsaya a kan abin da dokar ta ƙunsa, domin ba kamar yadda mukan rubuta "An hana" a jikin bango mu wuce ba ne. Ta ce wayar ma'aikaci ta kansa dole ta kasance a kashe, a kuma cire abin sauraro daga kunne, duk sa'ad da jirgi ke tafiya, da sa'ad da wani daga cikin ma'aikatan yake ƙasa ana haɗa taragai ko raba su, da sa'ad da ake shirya jirgin, kamar wajen gwajin birki. Dalilin sa lokacin haɗa taragai a ciki a fili yake: mutumin da ya shiga tsakanin tarago biyu ya damƙa ransa ne a hannun wanda ke zaune a kan jirgi. Wayar da kamfani ya bayar kuwa, ba a amfani da ita sai don aikin da aka ƙayyade, shi direban da ke riƙe da tuƙi ma ko ita an hana shi taɓawa jirgi yana tafiya. Amma dokar ta bar ƙofa: in gaggawa ta taso, kamar haɗari ko gobara, ana iya kunna waya a nemi taimako, kuma ba ta hana na'urar taimakon ji ko wani abin da likita ya rubuta ba. Ta kuma wajabta wa kamfanoni su koyar da ma'aikata dokar, su riƙa gwada su.

Wasu ba su ma tsaya nan ba. A birnin Boston, bayan wani direban ƙaramin jirgin cikin gari ya afka wa na gabansa a watan Mayu 2009 yana rubuta wa budurwarsa saƙo, hukumar sufurin birnin ta hana direbobinta ko da shiga da waya aljihu.

Cikin dokar tarayyar nan akwai wani ɗan sashe da ya fi burge ni, ko da yake ba a cika ambatonsa ba. An hana shugaba ko mai duba aiki ya kira wayar direba jirgi yana tafiya, don wai ya gwada ko a kashe take. Watau masu dokar sun gane cewa waya bakinta biyu ne. Ba ta ƙara da kanta, sai wani ya buga. Wannan ne ya kawo ni kan labarin da na fi so ku riƙe.

Ran 24 ga Yuli 2013 wani jirgi mai sauri ya taso daga Madrid, babban birnin Sifaniya, zai je garin Ferrol. Da maraice ya doshi birnin Santiago de Compostela yana gudun kusan kilomita 200 a awa a kan miƙaƙƙen layi. Gab da shiga birnin akwai kwana mai tsanani inda ba a wuce kilomita 80. Ana nan sai waya ta yi ƙara. Ba wayar direban ta kansa ba ce, wayar aiki ce da kamfani ya ba shi. Wanda ya kira kuma ba budurwa ba ce, ba ɗan wasa ba ne, mai duba tikiti ne na wannan jirgin, yana so su shirya a kan wane dandamali za a tsaya a wata tasha can gaba, Pontedeume, don wasu iyali su ji sauƙin sauka. Ku duba fa, niyyar alheri ce tsantsa. Suka yi magana kimanin sakan 100. A irin wannan gudu, sakan 100 tafiyar fiye da kilomita 5 ce. Da direban ya ɗago ya gane inda yake, ya danna birki, amma jirgin ya shiga kwanar yana gudun kilomita 179. Ya kauce daga dogo ya daki bangon kankare. Mutum 80 suka rasu.

To, jama'a, wace doka ce za ta hana wannan? In mun ce a kashe wayar kai, ai ba ita ba ce. In mun ce a kori masu sakaci, ai mutumin yana maganar aiki ne da abokin aikinsa. Iyayena ku gafarce ni, Bahaushe ya ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, kuma bai ware susar da aka yi don Allah ba. Hankalin mutum ba ya tambayar ko maganar ta aiki ce ko ta banza, guda ɗaya ne, in ya tafi Pontedeume ya bar kwanar da ke gabansa. Shi ya sa ma riƙe waya da hannu ba shi ne asalin matsalar ba. Ɗan kabu-kabun da ya cusa waya cikin hula hannayensa biyu suna kan babur, amma shi kansa yana kasuwa.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya ga wanda ke cikin jirgi. Ran 9 ga Fabrairu 2016, kusa da garin Bad Aibling a ƙasar Jamus, jiragen fasinja biyu suka yi karo a layi guda, mutum 12 suka rasu. Direbobin ba su yi laifin komai ba. Mai kula da sigina ne, yana zaune a ɗakinsa yana wasa a wayarsa, ya ba jirgi izinin shiga inda wani ya riga ya shiga, da ya farga kuma ya ruɗe wajen aika kiran gaggawa. Kotu ta ɗaure shi shekara uku da rabi. Jamus fa, wadda muke buga misali da ita wajen bin ƙa'ida.

Abin da ƙasashen nan suka koya daga baya shi ne abin da dattijon Gusau ya sani tun da: dole a sami wani abu bayan hankalin direba. A kwanar Santiago, ran haɗarin, babu na'urar da za ta tilasta wa jirgi rage gudu in direba ya shagala, bayan an yi asarar rayuka ne aka sa. A Amurka majalisa ta zartar da doka a Oktoba 2008 wadda ta wajabta wata na'ura mai lura da inda jirgi yake da irin gudunsa, ta kuma danna birki da kanta in ya doshi jar fitila. Sai a ƙarshen 2020 aka gama sa ta a dukan layukan da aka wajabta, shekara 12 ke nan, a ƙasa mai kuɗi. Kamfanin Metrolink kuma ya sa kyamarori masu kallon direba a 2009, ƙungiyar direbobi ta yi ta ƙorafi cewa an mai da su abin leƙe. Ni dai ina ganin wanda ya ɗauki rayuka ɗari biyar a bayansa ba ya cikin ɗakin matarsa, don haka ƙorafin bai kama ni sosai ba, in dai ba za a riƙa amfani da hoton don ƙuntata wa wanda shugaba ya tsana ba.

Dole kuma in yi wani gargaɗi, don waya ta zama abin ɗora wa laifi mai sauƙi. A ƙasar Indiya, ran 29 ga Oktoba 2023, jiragen fasinja biyu suka yi karo a jihar Andhra Pradesh, mutum 14 suka rasu, har da direban jirgin da ya zo daga baya da mataimakinsa. A Maris 2024 ministan jiragen ƙasa ya fito ya ce suna kallon wasan kurket ne a waya. Daga baya jaridun ƙasar suka ba da labarin cewa binciken wayoyin bai tabbatar da haka ba. Mamaci ba ya kare kansa, kuma ya fi arha a ce direba yana waya da a ce sigina ta lalace ko an sa mutum aiki ba hutu.

Yanzu mu dawo gida. Layin zamani na Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a Yuli 2016. Na Ikko zuwa Badun a 2021. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ana iya cewa mu kwafo dokar Amurka mu fassara mu liƙa. Amma akwai abin da wanda ya rubuta ta bai sani ba game da ƙasarmu. Ran 28 ga Maris 2022 da dare, 'yan bindiga suka fasa dogo suka buɗe wa jirgin Abuja zuwa Kaduna wuta, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60, waɗansu ba su dawo ba sai Oktoba, jirgin ma bai koma aiki ba sai Disamba. A daren nan ta wayoyin fasinjoji duniya ta fara jin abin da ke faruwa. Ma'aikacin da ya san haka, ka ce masa ya bar wayarsa a akwatin tasha kamar direban Boston, ya ratsa dajin Rijana hannu rabbana, zai dube ka ne kawai, ya sayi ta biyu ya ɓoye a safa. Ni kuwa ba zan ga laifinsa ba.

A ɗaya gefen kuma, ba a gina tafiyar jirgi a kan wayar kasuwa. Dukanmu mun tuna watan Satumba 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomi na nan Sakkwato da Katsina da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ko ba a rufe ba, wa bai san inda sabis ke ɗaukewa a hanyar Gusau ba? Jirgin da ya dogara da wayar aljihun direba don ya ji ko hanya a buɗe take, ranar irin wannan kurma ne. Ƙasashen Turai sun ware wa jiragensu layin sadarwa nasu na kansu, wanda ba ya haɗuwa da na jama'a, da maɓalli guda da in aka danna dukan jiragen da ke yankin za su ji kiran gaggawa. Duk hukumar da ke so ta hana waya, sai ta fara ba ma'aikaci rediyon oba-oba mai aiki, ta kuma gyara shi in ya lalace. In ba haka ba, shugaban da ya sa hannu a dokar da safe shi ne zai kira direba a waya da yamma ya tambaye shi inda ya kai, ran da abu ya ɓaci kuma a zaro takardar a ce ai an hana shi. Wannan ba doka ba ce, tarko ne.

Saboda haka, a nawa ganin, wayar ma'aikacinmu ta zauna tare da shi, amma a kashe, a cikin jaka, ba a aljihu ba, ya kunna ta in an kai hari ko an yi haɗari ko rediyo ya mutu bayan ya tsai da jirgi. Wanda duk ya kira direba jirgi yana tafiya, daga mai duba tikiti har manajan darakta, a rubuta masa laifi daidai da na wanda ya amsa. Direba ya sami haƙƙin ƙin ɗaukar kiran maigidansa ba tare da an kira shi mara ladabi ba, wannan kuwa a ƙasarmu sai an rubuta shi baƙi da fari, don mun san yadda ƙarami yake rawar jiki in babba ya kira. Mai kula da sigina da mai tuta a mararrabar dogo da titi su shiga cikin dokar. Bayanan waya kuma, in an yi haɗari, hukumar bincike mai zaman kanta ta duba su, ba wanda ake bincika ba. Alhamdu lillahi, dokar 2022 ta kafa hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, wadda ikonta ya haɗa da jiragen ƙasa, ba na sama kaɗai ba kamar da. Ku kuma 'yan sashen shari'a ku tuna, tun kafuwar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955 harkar dogo ta gwamnatin tarayya ce, amma gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga ciki. Ashe ba abin mamaki ba ne wata rana a kawo irin wannan doka gaban majalisar jiharmu.

Saura mai kira guda ɗaya wanda ba majalisar da za ta iya ɗaure shi, kuma a kansa ni ma mai laifi ne. Yayana direban mota ne, yana jigila tsakanin Sakkwato da Gusau. Kun san halin da hanyar nan take ciki. Da ya fita da safe Inna ba ta da sukuni, jim kaɗan ta ce, "Kira mini yayanka, ji inda ya kai." In na buga sau biyu bai ɗauka ba, sai gidan ya yi tsit, ko abinci ba mai ci. Shi kuma ya san haka, don haka komai gudun da yake yi sai ya ɗauka. Hukumar kiyaye haɗurra ta daɗe da sa amsa waya a kan tuƙi cikin laifuffukan da ake cin tara, amma tsoron tara bai kai tsoron hawayen uwa ba. Hutun da ya wuce na bi shi, na zauna gaba, na yi ta ƙirge a zuci. Daga tasha zuwa Talatar Mafara ya amsa kira tara, shida daga cikinsu daga gidanmu ne da gidan surukansa. A na bakwai yana cewa "Lafiya lau, Inna" muka tarar da tirela ta lalace bayan wata kwana, an jera ganye a titi. Allah ya kiyaye, amma na ji ƙamshin taya har cikin maƙogwarona, wata tsohuwa a baya kuma ta yi ta salati har Mafara.

Ma'aikacin jirgi ma yana da uwa da mata da yaro mara lafiya. Hukumar da ta ce ya kashe waya, sai ta ba iyalinsa lambar wani ofis da za su kira in abu ya taso, a riƙe saƙon, a isar masa in ya tsaya a tasha ta gaba. Kuɗin wannan bai kai na fentin tarago ɗaya ba. Mu a gidanmu irin wannan muka yi, gwargwadon hali. Da muka dawo na zauna gaban Inna na faɗa mata abin da na gani, ban rage komai ba. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce a kira mata shi. Aka yi yarjejeniya: ba mai kiransa yana hanya, shi kuma zai kira in ya tsaya a Mafara, ya sake kira in ya sauka Gusau. Har yanzu in ya yi jinkirin minti goma sai ta ɗauko wayar ta riƙe a hannu, tana jan carbi da ɗayan, amma ba ta buga ba tukuna.

Malam Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu, magariba kuma ta kawo jiki. In akwai mai tambaya ina nan.